Bukkoki sun cika filayen bayan unguwarmu: a tashe su ko a ƙyale su?

Wani dattijo daga kwamitin masallacin wata unguwa da ke gefen gari, a nan Maradi, ya aiko mini da tambaya. Ya ce tun bayan ambaliyar daminar 2024 wasu iyalai suka kafa bukkokin zana da leda da tsofaffin buhuna a filayen da masu su ba su gina ba, kuma maimakon su ragu sai ƙaruwa suke yi. Mutanen unguwa sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa a je wurin mai unguwa a nemi hukuma ta tashe su, domin ƙazanta ta yi yawa kuma an fara kukan sata, wasu kuma suna cewa bayin Allah ne da jarrabawa ta same su, a ƙyale su. Ya ƙara da cewa ɗansa ya nuna masa a Facebook yadda 'yan sandan Amurka suke kwashe tantunan marasa gida, to idan ƙasa mai wannan arziki kora take yi, me zai hana mu?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shawarata ita ce kada ku nemi a tashe su yanzu, kuma kada ku ƙyale su yadda suke. Na yi shekaru ina aikin tsugunar da mutanen da ruwa ko rikici ya raba da gidajensu a wannan jiha, kuma abin da na sha gani shi ne, duk wanda aka tasa daga wani fili ba tare da an nuna masa inda zai koma ba, fili na gaba yake komawa, yawanci wanda ya fi na farko nisa da famfo kuma ya fi shi kusa da kwari. Unguwar da ta yi korar takan huta na 'yan watanni, garin kuwa bai rage ko mutum ɗaya daga cikin masu kwana a bukka ba. Aikin yana da jeri, kuma idan aka birkita jerin an ɓata shi: a fara sanin ko su wane ne, a san inda kowane gida zai nufa, sannan a sa ranar tashi.

Mu mutanen Maradi mun fi kowa dalilin yin hankali da wannan magana. Katsinawan da suka baro Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19 baƙi ne da suka sami wurin zama a bakin Gulbi, kuma garin da suka kafa a kwari ruwa ya ci shi a 1945, aka hau da shi tudun da muke kai yau. A Yamai ma, unguwar Lazare ta fara ne a matsayin sansanin waɗanda farin 1973 zuwa 1974 ya koro daga arewa. Ban kawo wannan don in sosa zuciyar kowa ba. Dalilin kawo shi shi ne, bukkar da aka kafa don mako biyu tana iya zama unguwa, kuma irin unguwar da za ta zama ya danganta ne ga abin da aka yi ko aka bari a shekarar farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kalli bukkoki talatin a ɗauka matsala ɗaya ce. Ni kaina na taɓa yin sa. Na je wani fili irin naku da hantsi, na tarar da tsofaffi da ƙananan yara, na ƙirga bukkoki na rubuta na tafi. Da na koma bayan sallar isha'i tare da wata ungozoma ta unguwar, sai na ga wuta a murhu inda da safe na ɗauka ba kowa, na ga 'yan dako da 'yan ga-ruwa sun dawo sun jingina kurarsu, na ga mata sun dawo daga wankau da surfe a gidajen cikin gari, wataƙila har da gidajen waɗanda ke neman a kore su. A bukka ta uku na tarar da wata mata da makulli ɗaure a bakin zanenta. Na tambaye ta makullin mene ne, ta ce na ɗakin da take haya ne kafin ruwa ya kayar da shi. Ƙofar ta daɗe da tafiya, ita kuwa ba ta kwance makullin ba. Mai gidan ya sake gini da bulon siminti ya rufa kwano, ya ninka kuɗin haya, kuma da masu rajistar agaji suka zo sunansa aka rubuta, domin shi ne ke da gidan da ya faɗi. Ita da ta rasa gado da tukwane da buhun hatsinta ba ta shiga kowace takarda ba.

Irin wannan mata su ne kaso na farko, kuma ina kyautata zaton su ne suka fi yawa a filayenku. Kun tuna ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, lokacin da aka yi ruwan da ya kai milimita 150 cikin kamar awa ɗaya da rabi, ya kashe mutum 15 a garin nan, ya kwantar da gidajen ƙasa masu yawa. A faɗin Nijar ambaliyar wannan shekara ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, wani ɓangare saboda waɗanda suka rasa gidajensu suna kwana a azuzuwa. Da aka buɗe makarantu dole suka fita. Mai fili nasa ya koma ya kafa rumfa a kan kufansa yana tara bulo a hankali, ɗan haya kuwa ba shi da kufan da zai koma. Waɗannan mutanen gari ne, suna da sana'a, suna da dangi, abin da ya gagare su kawai shi ne haɗa kuɗin watannin da masu gida suke nema a biya gaba kafin a ba da ɗaki. Su ne suka fi sauƙin fitarwa daga bukka, kuma abin takaici su ne aka fi mantawa da su.

Kaso na biyu su ne waɗanda 'yan bindiga suka koro. Tun 2019 dubun dubatar mutane suka ƙetaro daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarumfa, kuma a namu ƙauyukan na kan iyaka ma akwai waɗanda satar shanu da garkuwa da mutane suka sa suka bar gonakinsu. Wanda ya ga an ɗauke ɗan'uwansa cikin dare ba za a ce masa ya koma garinsu ba, kuma ko an ba shi kuɗin mota zai karɓa ne ya sauka a wata unguwa. Waɗannan suna da haƙƙi a rubuce. Ɗan gudun hijirar da ya fito daga Najeriya yana da hanyar rajista ta hannun hukuma da HCR, wato hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan ƙasa da ya gudo daga ƙauyensa kuma doka ce ta tsaya masa, domin a watan Disamba 2018 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta yi dokar kanta ta kare waɗanda rikici ko bala'i ya raba da matsuguninsu a cikin ƙasa, bisa yarjejeniyar Kampala ta 2009. Idan kun sami irinsu, aikinku shi ne ku haɗa su da masu rajista, domin nauyinsu ya fi ƙarfin unguwa.

Sai 'yan ci-rani, waɗanda suke shigowa bayan girbi su koma da ruwan farko. Su ba sa bukatar a kore su, damina za ta mayar da su gona. Sai zawarawa da matan da mazansu suka rasu ko suka tafi Libiya ko Aljeriya aka daina jin labarinsu. Sai iyalan da a da suke gadin kango, mai shi ya dawo ya ƙarasa gini ya sallame su. A ƙarshe akwai 'yan kaɗan masu taɓin hankali da samari da ƙwaya ta cinye, waɗanda duk da ƙarancinsu su ne ake gani a yi wa sauran hukunci da su. Almajirai kuwa maganarsu dabam ce, suna da malami, kuma da malamin ake zama.

Game da abin da ɗanku ya nuna muku, gaskiya ne ana yi. Ranar 28 ga Yuni 2024 kotun ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke hukunci a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Girants Fas a jihar Oregon cewa hukumomin gari suna iya hukunta mai kwana a filin jama'a ko da babu wurin kwanan da aka tanadar masa, kuma wata ɗaya bayan haka gwamnan Kaliforniya ya ba da umurnin a kwashe sansanonin da ke filayen jiha. Amma hoton da ke yawo a waya yana tsayawa ne a daidai lokacin da motar shara ta tafi da tanti, ba ya bin mai tantin ya nuna inda ya kwana a daren. Biranen Amurka sun daɗe suna irin wannan kwasa, duk da haka ƙidayar da suke yi cikin dare ɗaya a kowane watan Janairu ta nuna mutum sama da 770,000 marasa gida a 2024, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabata, kuma kusan ɗaya cikin huɗu a Kaliforniya suke, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wuraren da adadin ya sauka da gaske wata hanya suka bi. A birnin Hustan na jihar Tekzas hukuma da ƙungiyoyi suka haɗa rajista ɗaya, suka riƙa sama wa mutanen sansani ɗaki kafin su rufe sansanin, suka shigar da mutum sama da 25,000 gidaje cikin kimanin shekara goma, adadin marasa gida ya ragu da fiye da rabi. Ƙasar Finlan tun 2008 ta ɗauki tsarin ba mutum ɗaki tukuna sannan a yi maganin shaye-shayensa ko a nema masa aiki, kuma marasa gida da suka kai wajen 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 sun koma ƙasa da 4,000 a 2023.

Ba na cewa muna da kuɗin Finlan. Abin da za mu iya ɗauka daga wurinsu ba ya bukatar kuɗinsu, domin jerin aikin ne: wurin komawa ya riga ranar tashi. Kuma ta wani fannin mun fi su sauƙi, tunda yawancin masu tanti a Amurka mutane ne ɗaiɗai da suka yanke da danginsu, namu kuwa iyalai ne da mata da yara, masu dangi da garin asali da sana'ar hannu, kuma ɗakin ƙasa a nan ba ya cin abin da ɗaki yake ci a Los Anjalas.

A nahiyarmu ma an gwada kora, an gwada ta da ƙarfin da ba unguwar da za ta iya. A watan Yuli 1990 aka rushe Maroko a Legas, aka watsa mutum kimanin 300,000, suka bazu cikin wasu unguwannin talakawa, filin kuma ya koma hannun masu kuɗi. A Zimbabuwe a 2005 rusau ɗin da gwamnati ta yi ya raba mutum wajen 700,000 da gidajensu ko sana'arsu, bisa rahoton wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ni kuwa wadda na gani da idona ƙarama ce, amma ta ishe ni. An ba wasu iyalai kwana uku su tashi daga wani fili, kuma ina cikin waɗanda suka yi shiru a wurin taron domin na ɗauka za su sami dangi su raɓa. Ranar da wa'adi ya cika da sassafe aka zo aka tattara zana da itatuwan bukka aka cinna musu wuta, alhali mazan sun riga sun fita nema. Wata tsohuwa ta tsaya tana tona toka da kara tana neman ledar da takardun haihuwar jikokinta suke ciki. Bayan kamar mako uku na same su a gefen wani rami da ake haƙar ƙasar bulo, suna shan ruwan da ya kwanta a cikinsa. Akwai wani magidanci a cikinsu da yake tsakiyar shan maganin tarin fuka, wanda ake sha wata shida ba fashi, ma'aikaciyar lafiyar da ke bibiyarsa ta neme shi ta rasa, maganin ya yanke. Yaran da aka sha wahala aka sa makaranta suka daina zuwa saboda nisa. Kafin shekara ta zagayo wasu mutanen dabam sun kafa bukkoki a filin farko, tunda mai shi bai gina ba kuma bai kewaye ba.

Wani zai ce ai doka ta hana yawon banza da bara. Haka ne, suna cikin kundin hukunta laifukanmu, gadon dokar Faransa, wadda ita kanta ta cire su daga nata kundin tun 1994. A watan Disamba 2020 kotun Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, domin suna hukunta mutum ne a kan talaucinsa. Ko an ajiye maganar kotu, wanda aka ɗaure don ba shi da ɗaki zai fito ne ba shi da ɗakin, ga shi kuma ya rasa kurar da yake dako da ita.

Yanzu in juya ga masu cewa a ƙyale su, domin su ma ban goyi bayansu ba, kuma ina ganin masu ƙorafi suna da gaskiyar da ba a cika saurara ba. Gidaje talatin ba makewayi ko ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cutar amai da gudawa da ta ɓarke a yankin Madarumfa a watan Yuli 2018 ta shigo har cikin garin nan, ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar, ta kuma dawo a 2021, kuma idan ta tashi ba ta tambayar wane ne mai bukka wane ne mai bene. Ga gobara a lokacin hunturu, inda ake hura wuta cikin bukkar zana da leda, iska na kaɗawa, bukkokin kuma suna manne da juna. Ga 'yan mata da suke fita bayan gari cikin duhu don biyan bukata. Wanda ya ce a ƙyale su sannan ya shige gidansa ya ja ƙofa bai tausaya musu ba, ya dai guje wa rigima ne.

Maganar sata kuwa a yi ta da adalci. Idan an kama mutum da kayan wani, a kai shi gaban hukuma da sunansa, ko daga bukka ya fito ko daga gidan siminti. A sanina, mazauna bukka su ne aka fi yi wa sata, domin ba su da ƙofar kullewa, kuma da zarar an san akwai baƙi a unguwa, ɓarawon gida ya sami inda zai jingina laifinsa.

Abin da ya fi gaggawa, tun kafin a gama shawarar makomarsu, shi ne makewayi da ruwa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji suke aiki da ita ita ce makewayi ɗaya ga mutum 20, da aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a yini, wato kusan jarka ɗaya. Makewayin mata ya zama dabam, da ƙofar da ake rufewa ta ciki, kuma kada a haƙa shi kusa da rijiya. A bar tazara tsakanin bukkoki, a fitar da murhu waje. Na san abin da za a ce, cewa in an haƙa musu masai an ba su izinin zama ke nan. Wannan tsoro ne ya sa wurare da yawa suka shekara cikin ƙazanta, alhali rashin masai bai taɓa tashin kowa ba, cuta kawai yake tarawa. Maganin tsoron yana wurin takarda.

Masu filayen suna da haƙƙinsu cikakke, kuma abin da yake hana su barci shi ne kada zaman aro ya rikiɗe ya zama gado, a wayi gari sai an je gaban alƙali kafin mutum ya gina filinsa. Saboda haka a kira su, ko a buga musu waya idan suna Yamai ko Kwatano, a zauna gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta cewa wane ya ba wane aron wurin zama daga wata kaza zuwa wata kaza, ba ginin bulo, ba sayarwa, ba kawo wani ba da izini ba, kuma idan mai fili zai fara gini zai ba da sanarwa da isasshen lokaci. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan. Da daɗewa masu kango suke ajiye iyali su tsare musu bulo da yashi da ƙarfe, iyalin su sami inuwa, mai kangon ya sami mai gadi ba albashi. Abin da ya rage shi ne a rubuta shi, domin wanda ba a rubuta ba yakan ƙare ne da sallamar dare ɗaya. A kuma sanar da hukumar gari, don kada unguwa ta shirya nata, wani kuma ya zo da nasa umurnin. Wa'adin kada ya faɗo tsakiyar damina, kada kuma ya faɗo tsakiyar shekarar karatu idan akwai yara a makaranta.

Idan aka zo fitar da 'yan haya, kuɗin da ake bukata bai kai yadda ake tsammani ba, kuma muna da inda za a samo shi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, kuma faƙiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa duk suna cikin filayenku. Yawancin zakkar da ake fitarwa a gari ana raba ta ne ƙanana ƙanana a ƙofar gida, kowa ya sami na tiya ɗaya ko biyu, a ci a kwana biyu ta ƙare. Da 'yan kasuwa uku ko huɗu na unguwarku za su yarda su ba gida ɗaya abin da zai biya kuɗin shiga ɗaki da hayar 'yan watanni, da an ga bukkoki suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ku tuntuɓi limaminku a kan rabe-raben, domin a mazhabarmu ta Malikiyya zakka hannun mabukaci ake danƙa wa, ba a gina makewayi ko masallaci da ita, don haka kuɗin haƙa masai da jan famfo daga sadaka da gudummawar unguwa za su fito. Limamin zai kuma fi ni iya tuna wa jama'a cewa a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai rumfar da ake kira Suffa, inda matalautan Muhajirai marasa gida, irin su Abu Huraira, suke kwana ana ciyar da su har kowa ya sami abin yi.

Akwai darasi kusa da mu a yadda aka karɓi waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya. Maimakon a killace su a sansani mai shinge, an matsar da wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka zaunar da su gefen mutanen gari, kuma famfo da makaranta da asibitin da aka yi na kowa ne, baƙo da ɗan gari. Dabarar da ke ciki ita ce ɗan gari ya ga amfanin zuwan baƙo. Haka ya kamata ku yi. A unguwarku akwai gidajen da suke kwana ba su ɗora tukunya ba, sai dai katanga ta rufa musu asiri, kuma idan suka ga ana sauke buhuna a bukkoki ana tsallake su, ƙiyayya za ta shiga, wasunsu ma za su aika da yaro ya kafa bukka don a rubuta sunansu. Duk abin da za a raba a haɗa da su, famfon da za a ja ya zama na unguwa. Kuma da zarar an gama ƙirga a rufe rajista, a gaya wa kowa cewa wanda ya zo bayan wannan rana sai ya bi ta wurin mai unguwa. Mazauna bukkokin da kansu za su fi kowa tsare wannan sharaɗi idan suka zaɓi namiji ɗaya da mace ɗaya da za su riƙa magana da yawunsu.

Idan hukuma ta ba da wani fili don a mayar da su, ku dubi nisansa kafin ku yi murna. Mai dako yana bukatar ya isa kasuwa ko tasha da ƙafa, mai wankau tana bukatar gidajen da take yi wa aiki, kuma idan kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa zai cinye rabin abin da mutum yake samu a yini, zai karɓi filin ya sayar da tamfal ɗin da aka ba shi ya dawo cikin gari. A nan ne ake cewa ba su da godiya, alhali lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. A tabbatar kuma filin tudu ne, an ga yadda yake a watan Agusta.

Bayan duk wannan za a sami ragowar da ba su shiga kowace ƙofa ba. Mai taɓin hankali asibiti za a kai shi a kuma nemi danginsa, kada a bari yara su riƙa jifarsa, kada kuma a kai shi inda za a sa masa mari a manta da shi. Za a kuma sami mutum ɗaya ko biyu da aka nuna musu ɗaki, aka ba su wa'adi, suka ƙi tashi don sun ga zaman kyauta ya fi musu. A kan irin waɗannan ba ni da ja, idan wa'adi ya cika mai fili ya nemi filinsa, a tashe su da rana, gaban mai unguwa, a bar su su kwance zanarsu da itacensu su tafi da su, ba wuta ba duka.

Ku fara da ƙirgar a wannan mako, bayan isha'i ko kafin fitowar rana, gida gida: daga ina suka zo, me ya fito da su, mutum nawa ne, wace sana'a ake yi, akwai marar lafiya ko mai ciki, yara nawa ke makaranta, kuma me zai sa su iya tashi. Idan kun sa rana ku aiko mini, zan zo da irin takardar da muke cikewa. Amma ku nemo dattijuwar da matan unguwa suka yarda da ita ta zo tare da mu, domin akwai bukkokin da ni da ku ba za mu wuce bakin zanarsu ba, kuma a cikinsu ne rabin amsoshin suke.